Matar Da Ta Fito A Hoto

Wutar benen ta ɗauke daidai lokacin da Auta ta gama saita kyamararta. Aikin farko ke nan da Malama ta ba su a kwas ɗin ɗaukar hoto: kowa ya nemi wuri guda, ya nuna yadda haske ke sauka a kansa. Ita kuwa Auta, da yake ba ta bin inda kowa ya bi, sai ta zaɓi matakalar bayan makaranta, wadda ko masu shara ba sa son hawa.

Duhu ya rufe ta. Daga sama ta ji takun mutum yana saukowa a hankali, ƙarfe na bugun ƙarfe a jikinsa. Ta ƙanƙame kyamarar.

"Wane ne?"

Tocila ta haska takalmanta, Auta ta yi saurin komawa jikin bango.

"Yi haƙuri, ni na kashe. Ce min aka yi babu kowa a nan." Dogon saurayi ne cikin rigar aiki, injiniyan da makaranta ta ɗauko ya sake wayoyin ginin. "Bari in kunna miki."

Har ta buɗe baki za ta zazzage masa masifa, sai idonta ya saba da duhun. Wani siririn hasken rana ya ratso ta ƙaramar taga can sama, ya kwanta a kan matakalar, wanda ƙwan lantarkin ya hana ta gani tun ɗazu.

"Kada ka kunna," in ji ta. "Kashe tocilar ma. Kuma kada ka motsa."

Ya tsaya ƙyam kamar wanda aka kama da laifi. Hoton nan shi ya zo na ɗaya a aji, kuma tun ranar Injiniya bai sake samun sukuni ba. Wayoyin da ya kamata a gama da wuri sai suka riƙa samun matsala, musamman na kusa da ajinsu Auta.

Saƙonsa na farko ya shigo mata ne da hantsi:

"Haskena, yau ma akwai inda kike so a kashe wuta? Ma'aikacinki na jiran umarni."

Ta daɗe tana murmushi kafin ta mayar:

"Mai kashe wuta, ka bar wa mutane wutarsu. Ka zo gida ka gaida Baba, in kana da ƙarfin hali."

Ƙarfin hali kuwa ana bukatarsa, domin Baba ya taɓa ƙonewa. Yayar Auta ya aurar ga wani mai ladabi da sunkuyar da kai, ashe yana da wata mace da ya ajiye a wani gida. Yaya ta dawo da akwatinta da goyonta, har yanzu tana ɗakin ƙarshe, ba ta cika magana ba. Tun daga nan Baba ya daina yarda da ladabi. Da Injiniya ya durƙusa gabansa, kallonsa ya yi daga sama har ƙasa.

"Ban ce a'a ba," in ji Baba. "Amma ka sani, ranar da na ga abu ɗaya, ɗaya tak, magana ta ƙare. Ba zan binne 'ya ta biyu da ranta ba."

Haka aka sa rana, ba tare da Baba ya saki fuska ba. Gidan ya kasance kamar ana jiran wani abu ya faɗo.

Injiniya ya kama musu gida a hawa na biyu na wani dogon gini, irin mai baranda a gaban ƙofofi, yana fuskantar wani ginin irinsa. Ya yi fenti, ya sa kujera doguwa guda a falo, sannan ya kawo mata makulli. Daidai lokacin Malama ta ba da aiki na gaba: a ɗauki ɗakin da babu kowa a ciki, yadda mai kallo zai ji kamar ana jiran wani.

"Ga ɗaki kin samu," in ji Injiniya. "Babu ɗakin da ya kai wannan jira."

Ta je da la'asar, ita da Yaya. Amma da ta isa ƙofar sai kunya ta kama ta. Ta shiga gidan aurenta kafin aure? Ta mayar da makullin jaka, ta koma jikin babbar tagar falon, ta ja baya kaɗan, ta ɗauka ta cikin gilashi. Hankalinta duk yana kan hannun kujerar da layin bango, kamar yadda mai koyo kan yi. Ta tura hotunan studiyo a wanke mata, ba ta ko tsaya dubawa ba.

Mai studiyon nan ya daɗe yana son ta. Ya yi rangwame, ya yi kyauta, ya yi turare, ta ce masa ya yi haƙuri. Da ta je karɓa, ya miƙo mata ambulan yana wani murmushi da bai yi mata daɗi ba.

"Amarya, ashe gidan naku har ya yi baƙuwa."

A bakin titi ta buɗe. Ga falon, ga bango, ga kujera. A kan kujerar kuwa wata mace ce zaune, babu ɗankwali, ta sunkuyar da kai tana taje gashi, hankalinta kwance kamar matar gida. Auta ta san ba ta ga kowa ba ranar, amma ta san kuma idonta ba ya kan tsakiyar kujerar.

Kafin ta isa gida hoton ya riga ta. Mai studiyo ya tura wa Baba ta waya, wai shi tsoron Allah ne ya hana shi yin shiru. Baba bai ɗaga murya ba, abin da ya fi tsorata kowa ke nan.

"An fasa," ya ce. "Gobe ƙanina zai je ya shaida wa iyayensa."

Yaya ta karɓi hoton ta duba, ta ajiye, ta shige ɗakinta ta rufe ƙofa. Mama ta zauna tana share hawaye da gefen mayafi.

Saƙonni suka yi ta shigowa.

"Haskena, wallahi babu macen da ta taɓa taka falon nan. Makulli biyu ne, ɗaya a hannuna, ɗaya a jakarki."

"Ki ɗauka, ko zagina ne ki yi."

Sau ɗaya ta ba shi amsa: "Kyamara ba ta ƙarya. Kai za ka iya."

Daga nan ya yi shiru, shirun kuwa ya fi saƙonnin ciwo. Tana son sa, kuma tana jin haushin kanta da take son sa har yanzu.

Ranar miƙa aiki ba ta da wani hoton, don haka shi ta manna a allo, ta koma bayan aji ta sunkuyar da kai. Malama ta bi hotuna ɗaya bayan ɗaya, ta zo kan na Auta ta tsaya. Ta cire tabarau, ta matsa har hancinta ya kusa taɓa takardar.

"Auta, naki ne wannan? Na ce ɗakin da babu kowa, kuma kin kawo ɗakin da babu kowa, amma kin yi wayo. A ina kika tsaya?"

"A waje, Malama. Ta taga."

"Na sani. Me ke bayanki?"

Auta ta sake duban hoton. Ranar ko sau ɗaya ba ta juya ba.

"Ku matso ku gani," Malama ta ce wa 'yan aji. "Ɗinkin kujera ya ratsa ta cikin hannun matar. Idan ciki da duhu, waje da rana, gilashi madubi yake zama, ya kwaso abin da ke bayanka ya zuba a gabanka. Duk wanda ya daɗe a sana'ar nan kallo ɗaya zai yi ya gane."

Auta ta tuna murmushin mai studiyo, ta ji zuciyarta na tafasa. Ba ta jira an tashi ba.

Sai dai Baba ba mutumin da ake gamsarwa da bayanin Malama ba ne. Da ƙyar, da sa bakin Yaya, ya yarda zai je sau ɗaya. Ranar kuwa hadari ya haɗu tun azahar. Suka tsaya a barandar, su uku da Injiniya can gefe, ya rame, bai kalle ta ba. Gilashin bai nuna komai ba sai kujera.

"Wannan ne abin da kika kawo ni in gani?" in ji Baba. Ya juya zai sauka.

"Baba, don Allah, ka ƙara haƙuri kaɗan." Auta ta tsaya daidai inda ta tsaya rannan, tana kallon sama tana addu'a a zuci. Idan rana ba ta fito ba, shi ke nan, ta rasa shi, kuma da bakinta ta kore shi.

Gajimaren ya ɗan tsage. Rana ta faɗo a kan ginin da ke bayansu.

A hankali matar ta bayyana a kan kujerar, yau da ɗankwali, tana ninke kaya. Baba ya fizgi makullin daga hannun Auta, ya buɗe ƙofar da ƙarfi, ya shiga. Suka ji shi yana buɗe ɗaki, yana buɗe kicin, yana buɗe banɗaki. Ya fito yana haki, ya sake leƙa tagar, ga ta nan zaune.

"Baba," in ji Auta, "juya."

Ya juya. A barandar ginin da ke fuskantarsu wata mata ce zaune cikin rana da kwandon wanki a gabanta. Da ta ga mutane sun zuba mata ido, sai ta ɗaga hannu ta ce sannunku, ta ci gaba da ninkinta.

Baba ya taka har gaban Injiniya, ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Na zalunce ka, yaro. Tsoron abin da ya wuce ne ya rufe min ido. Ka yafe min."

"Babu komai, Baba." Idon Injiniya ya cika, sai a lokacin ya dubi Auta.

Suna saukowa Auta ta rubuta masa, yana taku biyu a gabanta:

"Ni ce na yi ƙarya, da na ce za ka iya. Ka yafe wa Haskenka, in har yanzu ni ce."

Ta ga ya tsaya a kan matakala ya karanta. Amsar ta shigo kafin su kai ƙasa:

"Ke ce. Amma na ji ciwo, kuma sai kin daɗe kina rarrashi."

"Na yarda. Duk tsawon rayuwa ma."

Aka ɗaura aure ranar da aka sa tun farko. Mai studiyo bai samu aikin hotunan biki ba, 'yan ajinsu Auta ne suka cika gidan da kyamarori, suna ta gardamar inda haske ya fi kyau. Yaya ce ta riƙe hannun amarya har hawa na biyu, kuma ranar aka ji dariyarta a karon farko tun dawowarta.

A bakin ƙofa Baba ya ɗora hannu a kan 'yarsa.

"Allah ya zaunar da ku lafiya, ya tsare ku daga zato, ya sa abin da zan riƙa gani a gidan nan alheri ne kawai."

Kowa ya ce amin. Auta ta cire takalmanta, ta shiga.