Shuni a Hannun Tahiru

"Na ce ba ni ba surukuta da mai tonon kabari! Juma'a zan mayar musu da goronsu!"

Malam Nomau ke nan, yana faɗa yana buga ƙotar hauya a ƙasa. 'Yarsa Zainaba ta durƙusa, idanu sun kawo ruwa.

"Baba, Tahiru fa karatu yake..."

"Karatun tone matattu? Tashi ki ba ni wuri!"

Ga mafarin rigimar. Bayan girbi kamiyo, babbar mota, ya sauke 'yan lakwal, wato ɗalibai, har da Tahiru, daga Damagaram a wani kufai kusa da garinsu Droum, tare da Mushe, Bafaranshen da ke koya musu tonon kayan mutanen da. Suka kafa turaku, suka ja igiya, suka shata wurare daidai tsawon mutum. Haba! Duk wanda ya gifta sai ya rantse kaburbura ne. Kafin sati gari ya ɗauka.

Zainaba kuwa akwai taurin kai, gadon gidansu ne. Da hantsi ta tare Tahiru a hanyar rijiya.

"Gaya mini gaskiya, kun taɓa gawa?"

"Wallahi ko ƙashi ɗaya, Zainabata! Ramuka ne zagayayyu, an shafe cikinsu sumul. Mushe ya ce rumbunan ƙasa ne, ni dai ban yarda ba."

"To me ya sami hannunka?"

Ya buɗe tafinsa, ya yi shuɗi har ƙarƙashin farce.

"Ƙasar gindin ramin ce. Ta ƙi wankuwa."

Nan take ta tuna hirar Kaka Kande, mahaifiyar babanta, wadda yunwa ta kora daga kufan nan shekara arba'in da wani abu, ba ta kuma sake taka shi ba.

Kwana biyu tana roƙon tsohuwar ta je ta duba ramukan.

"Ke 'yar nan, a can na bar farin cikina. Me zan koma yi?"

"Ki koma ki ɗauko mini nawa, Kaka!"

Ranar Alhamis ta ɗora ta bisa jaki. Malam Nomau ya biyo su yana huci, amma wa ya isa ya tsawata wa uwarsa?

Kaka ba ta gani sosai. Tahiru ya kama hannunta ya kai bakin ramin. Ta shafa, ta ɗebi ƙasar ta sansana. Sai ta ɗaga murya.

"Wane sakarai ya ce kabari? Kun taɓa ganin kabari zagayayye? Wannan laso ne, shafen marina!"

Mushe ya saki baki, ya hau rubutu.

"Akwai uku a jere," in ji ta, "na tsakiya bakinsa ya tsage ta gabas."

"Haka ne, Kaka!" Tahiru ya ce.

Ta juya wajen ɗanta. "Kai, matso. Marinar ubanka ce. A nan yake tsoma zane yana mini waƙa. Kana goye a bayana muka bar wurin, shi kuma ya cika a hanya."

Malam Nomau, mutumin da bai san fuskar ubansa ba, bai gaji ko allurarsa ba, ya durƙusa a bakin ramin. Kuka ya ƙwace masa, bai ɓoye ba. Zainaba ta ji tausayinsa har cikin ƙashinta.

Can ya ɗago. Tahiru ya yi maza ya ɓoye hannayensa a baya don kunya.

"Kawo hannun nan," in ji Malam Nomau.

Ya riƙe shi gam, yana kallon shunin.

"Inna, haka nasa yake?"

Ba ta ko duba ba. "Har ya koma ga Allah bai wanku ba."

Malam Nomau ya dubi Tahiru. "Yaro, ka gaya wa magabatanka su zo Juma'a, a sa rana."

"Baba... goron fa?" Zainaba ta ce, tana dariya tana hawaye.

"Ke, rufe mini baki! A raba wa mutane."

Ya ɗebi ƙasar shuɗiya ya ƙulle a gefen rigarsa. Har suka isa gari bai saki hannun Tahiru ba.