Hoto Ɗaya a Bakin Taga

"Baba, don Allah..."

"Yi min shiru, Auta! Kika ƙara buɗe baki, maganar auren nan ta mutu."

Ta haɗiye sauran maganar, idonta ya ciko da ƙwalla. Tana zaune kan kujerar ɗaukar hoto a shagon mahaifinta, inda ta tashi tana goge kyamarori tun kanta bai kai tebur ba.

Dogo ne tsaye a gabanta, mai gyaran waya na tsallaken titi, gumi ya jiƙa masa riga. Shi take so, duk layin an sani. Baba ne ya kafe, wai ba zai ba da 'yarsa ga mutumin da waya ke yi wa tunani ba.

"Ga tsohuwar kyamarata mai fim, ba ta auna haske," in ji Baba. "Hoto ɗaya tak. Ka auna da manhajar nan da kake cika mana baki da ita. In fuskarta ta fito, na ba ka. In ba ta fito ba, ka koma kan wayoyinka."

Ɗan Gwaggo, abokin aikin Baba, ya daɗe yana hangen Auta da shagon gaba ɗaya. Ya tashe ta, ya ja kujerar zuwa bakin taga, ya yaye labule.

"Nan ya fi haske, ango," ya faɗa yana murmushin mugunta.

Ta waiga ta dubi tagar.

Ta san tarkon. Rana na bayanta, wayar za ta auna hasken taga ta ce a rage, fuskarta ta fito baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.

Dogo ya ɗaga waya daga inda yake. Lambobi suka fito. Ya kai hannu zai saita kyamara...

Ta runtse ido.

Garin kai hannun, wayar ta ɗan sunkuya, lambobin suka canza. Ya ɗaga, suka koma yadda suke. Ya tsaya cak.

"Baba... ina neman izini in matsa kusa da ita."

"Kai! A gabana?"

"Daga nan taga wayar ke aunawa, ba ita ba."

Baba ya harare shi. "Matsa. Amma ka riƙe hannunka a jikinka."

Ya zo ya kara wayar daf da kuncinta.

"Rabin raina, daina kuka," ya raɗa mata. "Hawayenki na ƙyalli, za su ɓata min awo."

Dariya ta kuɓuce mata!

Baba bai iya haƙuri ba. Ya zaro tsohon ma'aunin haskensa mai allura daga aljihu, shi ma ya kara a kuncin. Ya dubi allura, ya leƙa waya, sai ya yi gyaran murya kawai.

Dogo ya koma ya saita kyamara. Ƙyat! Ya danna.

Baba ya shige ɗakin wanke hoto ya rufo ƙofa. Suka yi ta jira, Auta na murza yatsu, Ɗan Gwaggo na fito da baki.

Can Baba ya fito da hoton yana ɗigar ruwa.

Fuskarta ta fito tas, har da 'yar wushiryarta. Tagar kuwa fari fat, ko ƙarfenta ba a gani.

"Kawu, dubi tagar!" Ɗan Gwaggo ya daka tsalle. "Ta ƙone gaba ɗaya!"

"Ni ba taga na zo nema ba," in ji Dogo.

Baba ya yi ta danne dariya har ta fi ƙarfinsa.

"Ja'iri! Wayarka da ma'aunina bakinsu ɗaya, ban ji daɗin haka ba, amma gaskiya ce. Je ka turo manyanka."

Auta ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ruga cikin gida tana kiran, "Inna! Inna, ya yarda!"

Ranar ɗaurin aure, ana tsakiyar gaisawa, Baba ya janye angon gefe. Ya waiga dama, ya waiga hagu, ya ciro tasa wayar ya cusa masa a hannu.

"Sa min abin awon nan naka a ciki. In na ji a bakin matarka, ni da kai ne."