Saiwar da Inna Atine Ta Ɓoye

Wata Laraba ce, a shekarar da kasuwar Terminus ta ƙone. Sanyin Jos ya sauko da wuri, ladan ya buɗe baki ke nan a Anguwan Rogo, a gidan Mustapha tela kuwa matarsa Mariya tana kwashe tuwo. Sai dutse ya faɗo a kan kwano. Na biyu ya sauka a tsakar gida, Mustapha ya ɗauka ya yar, don zafi gare shi kamar daga murhu aka ciro.

Kashegari ma haka. Da an kira magariba sai jifa, sai kuliyoyin unguwa su taru a lungun bayan madafi suna birgima. A rana ta huɗu 'yarsu Ummusalma, mai shekara goma sha uku, ta shiga lungun ɗauko tsintsiya. Ta fito ido a buɗe, bai sake rufuwa ba. Kwana tara yarinya ba ta runtsa ba. Ta rame, leɓe ya tsage, bango kawai take kallo. Ƙwayar asibiti kamar an jefa a rijiya. Kowa ya san in aka ƙara kwana biyu, ko hankali ya tafi ko rai.

Akwai abin da mutanen gidan ba su sani ba. Uwar Mustapha, Inna Atine, shekara ashirin da biyu tana da rumfar atamfa a Terminus, kuma tun gobarar barci ya ƙaurace mata. Ita kuwa mace ce da ba ta cewa wash. Tsohuwar maƙwabciyarta Roseline, nas ce, ta ba ta ƙullin wata saiwa mai sa barci da ƙanin Roseline ɗin ya kawo daga Turai, baleriyan ake ce mata, wari kamar safar ɗan ƙwallo. Atine ta ce, "Maganin ragwaye," amma ta cusa a haɓar zane. Da magariba, in kowa ya tayar da salla, sai ta tafasa a ɓoye, ta tsiyaye nata, ta watsa sauran a lungu da gaggawa. Ko ɗan yaye ya san ba a zubar da ruwan zafi da almuru ba bismilla. Ita ma ta sani. Tsoron a ganta ne ya rufe mata baki.

Aka ɗauko Malam Jika daga Titin Bauchi. Ya zauna gaban yarinya, ya daɗe yana karatu, har rana ta yi ja. Sai muryar wani tsoho ta fito daga bakin Ummusalma.

"Ya isa, malam. Ƙuna a kan ƙuna?"

"Wane ne kai?"

"A rufin kasuwa nake zaune, wuta ta tashe ni. Tun ranar ban runtsa ba. Warin saiwar nan ya kawo ni lungunku, na samu gyangyaɗi na farko. Amma kullum, da ido ya fara lumshewa, sai a kwara mini tafasasshen ruwa, ba bismilla, ba gafara! To, 'yarku ma ta ɗanɗana. Ba inda za ni sai mai hannun ta faɗa da bakinta."

Mustapha ya juya kan matarsa. "Ke ce mai madafi! Ke kika jawo mana!"

"Wallahi, Baban Salma, ban taɓa ba," in ji Mariya, tana kuka.

Atine na zaune a kan turmi, haƙora a cije. Ta dubi surukarta, ta dubi busassun idanun jikarta. Sai ta miƙe.

"Rufe mini baki, Mustapha! Ni ce." Ta tako har gaban yarinyar. "Kai kuma, tsohon banza, kai kaɗai wuta ta tasa? Ni na ƙona ka, me ya kai ka jikin yarinya? Tsorona ka ji?"

"Naki jikin ƙaya ne, Atine," in ji muryar. "A bar mini lungun, a ba ni saiwar."

Malam Jika ya ce, "Lungu na masu gida ne. Ka tafi tsohon ramin kuza, inda ruwa ya kwanta. Kuma ba ma yi wa aljani sadaka."

"Ba sadaka ba ce, malam," Atine ta katse shi. "Ni na ƙona, ni zan biya ƙuna." Ta kwance haɓar zane a gaban kowa, warin ya cika ɗaki. "Ga ta, dukanta. Amma ka rantse ba kai ba gidan nan."

Aljanin ya rantse da wanda ya halicce shi. Yarinya ta yi atishawa uku, ta langaɓe a jikin uwarta. Kafin a kira isha'i tana minshari.

Da safe Atine ta tafi da ƙafarta ta jefa ƙullin a ramin kuza. Roseline ba ta da saura, Atine kuma ba ta roƙa ba. Barci bai dawo mata ba. Ta ɗauke tabarmarta ta koma gefen gadon Ummusalma, tana zaune da carbi tana jin numfashin yarinya. Mustapha ya taɓa ce mata, "Inna, ko a nemo miki wata saiwar?" Ta harare shi.

"Barcina ga shi nan kwance, ba ka gani ba? Ja mini ƙofa, kada ka tashe ta."