Motar da Ba Ta Sallama

Dutse na farko ya faɗo a kan kwanon gareji ana gab da kiran magariba, washegarin ranar da suka dawo daga tafiya. Injiniya yana tsugune a tsakar gida yana alwala, matarsa tana kwashe wanki daga igiya, 'yarsu tilo kuma tana biye da uwar tana zuba mata labarin hanya, kamar ba tare suka yi tafiyar ba. Shekarar yarinyar goma sha ɗaya, kuma tun da ta buɗe baki ta fara magana ba ta rufe ba, shi ya sa kowa ke ce mata Rediyo.

Injiniya ya ce yaran maƙwabta ne. Ya leƙa waje, bai ga kowa a layin ba. Kafin ya maida ƙofa na biyu ya faɗo, sannan na uku, a hankali, da rata a tsakani, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa yana jira a amsa. Da ya ɗauki ɗaya ya duba sai ya ga ba irin dutsen unguwarsu ba ne. Ɓallin tsohon bulo ne mai jan fenti a gefe guda, kuma da ɗumi a hannu.

Abin da ya fara faɗo masa a rai motarsa ce, don Injiniya yana son motar nan son da har matarsa ta daina yi masa tsiya a kai, ta gaji. Motar lantarki ce, ba ta shan mai, ba ta hayaƙi, ba ta ƙara. Don ya ƙaryata masu cewa iyakarta cikin gari ne ya kwashi iyalinsa suka tafi gaida mahaifiyarsa, tafiyar yini guda cur, ana tsayawa caji sau biyu a hanya. Tsohuwar ba ta yaba ba. Ta ce ita ba ta ji isowarsu ba sai ganinsu ta yi a kanta, kuma abin da ke shigowa ba sallama, ya fita ba sallama, ita ba ta yarda da shi ba. Aka yi dariya, aka ce tsufa ne.

A dawowa ba su fito da wuri ba, sai suka tsaya caji na farko da la'asar sakaliya, a wata tasha da aka gina a bayan tsohon gidan mai da ya mutu. Ba kowa a wurin sai mai shayi da bencinsa, da wata babbar bishiya, da rusasshiyar katanga mai jan fenti. Suka bar ƙofofin motar a buɗe ta sha iska, suka zauna shan shayi har batir ya cika. Da suka kama hanya sai allon motar ya fara ƙorafi, yana nuna akwai wanda ke zaune a kujerar tsakiya ta baya bai ɗaura bel ba. Rediyo ce kaɗai a baya, tana jikin taga. Injiniya ya ce na'urar ce ta rikice, ya sa ta ɗaura bel ɗin a kan kujerar da ba kowa, ƙarar ta ɗauke. Ta yi ta tsokana, tana ce wa kujerar sannu da hanya.

To, da jifan ya ƙi tsayawa a wannan magaribar, Injiniya ya shiga gareji ya lulluɓe motar da tamfol, ya ja ƙofar ƙarfen ya rufe da bisimilla, ya ƙara kwaɗo. Ya ce ba za ta sake fita ba sai an gano mai jifan, kada a fasa masa gilashi. Ya koma zuwa aiki a motar haya.

Jifa bai daina ba. Kullum da rana ta yi ja sai ya fara, kuma ko sau ɗaya bai taɓa faɗawa kan ɗakunan kwana ba, sai garejin. A rana ta biyu Maman Rediyo ta ji takun sawu yana zagaya garejin, yana zuwa ƙofa ya tsaya, ya sake zagayawa. A rana ta uku suka ji wata murya can ƙasa-ƙasa, irin ta macen da ke rarrashin yaro ta bayan ƙofa. Gidan ya yi nauyi. Aka daina kunna talabijin, aka koma cin abinci da wuri, kowa na kallon kwanonsa.

A magaribar rana ta huɗu uwar ta lura gidan ya yi shiru fiye da kima, sai ta gane abin da ya ɓace: ba ta jin surutun 'yarta. Ta same ta tsaye a ƙofar gareji, goshinta a manne da ƙarfen, tana kartar kwaɗon da farce har yatsunta sun fashe. Ta kira ta, ba ta waiwayo ba. Da uban ya zo ya kama kafaɗarta sai ta ture shi da hannu ɗaya, babban mutum ya faɗi zaune. Sannan ta juyo ta dube shi, kuma duk wanda ke kallonsa ta cikin idanun nan ba 'yarsa ba ne.

Injiniya mutum ne mai bayani a kan komai, amma ranar bayani ya ƙare masa. Da ƙafa ya tafi, ba ko takalmi, ya ɗauko Malam Dogo, wani dattijo mai ilimi da ke limanci a bayan layinsu, wanda a ƙuruciyarsa ya yi shekaru yana tuƙa babbar mota kafin ya zauna karatu.

Malam ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Yarinyar ta ƙi matsawa daga ƙofar garejin, sai ya jawo tabarmar kusa da ita ya zauna, ya fara karatu ba gaggawa. Hasken sama yana ja da baya, tsuntsayen da ke kan waya suka watse. An jima jikinta ya ɗauki rawa, ta durƙushe, ta toshe kunne. Da ta buɗe baki sai muryar babbar mace ta fito, dusasshiya, irin ta wadda ta kwana tana kuka.

Malam ya tambaye ta me yarinyar nan ta yi mata.

"Ba ta yi mini komai ba," in ji muryar. "Ubanta ne ɓarawo."

Injiniya ya yunƙura zai yi magana, Malam ya ɗaga masa hannu. Muryar ta ci gaba a hankali. Ta ce a gindin katangar nan mai jan fenti take zaune tun kafin a shimfiɗa kwalta. Tana da ɗa ƙarami mai son ɗumin mota. Duk wadda ta tsaya aka bar ta a buɗe sai ya rarrafa ya shige ya kwanta, ita kuma ba ta hana shi, don ta san ba motar da ke tashi ba ta yi gurnani ba. Da ta ji an tayar da inji sai ta miƙa hannu ta ɗauko abinta. Haka suke yi shekara da shekaru, ba ta taɓa makara ba.

"Ranar nan na juya baya ina hura wuta, kunnena yana kan motar. Ban ji komai ba. Na waiwaya, ba mota, ba ɗa. Na biyo sawun tayarku har ƙafata ta tsage. Na iso na tarar ya rufe shi da sunan Allah, abin da ba ni da ikon buɗewa. Kwana huɗu ina jin kukansa ta cikin ƙarfe."

Maman Rediyo, wadda tun ɗazu take laɓe a bayan mijinta, ta sulale ta zauna a ƙasa. Tsoron bai bar ta ba, amma tausayi ya shigo ya zauna kusa da shi. Ta tambaya ko yaron ya ci wani abu. Idanun nan suka juyo kanta suka daɗe, sannan kan yarinyar ya girgiza.

Malam ya ce an ji kokenta, kuma an yi mata ba daidai ba, amma cikin rashin sani, yarinya kuwa ba ta da laifi. Za a buɗe mata yanzu ta ɗauki ɗanta ta fita. Ta ce yaron ya galabaita, ita ma ƙarfinta ya ƙare, ba za su iya wannan nisan ba. Wanda ya kawo shi, shi zai maida shi, kuma tana nan a jikin yarinyar sai ta ga katangarta. Malam ya ce wannan ba zai yiwu ba, in ta ƙi zai ci gaba da karatu har ta ƙone. Ta ce ya ƙone ta, sai ya samo wadda za ta shayar da na cikin motar. Suka daɗe a haka, shi bai ɗaga murya ba, ita ba ta sassauta ba. A ƙarshe ta yarda za ta fita ta shiga motar wurin ɗanta, amma da sharaɗi.

"Shiru ya tafi mini da nawa. Zan tafi da muryar 'yarsa. In ya sauke mu kafin rana ta faɗi gobe, zan sako ta. In rana ta riga shi, na riƙe."

Malam ya sa ta rantse, ta rantse. Injiniya ya buɗe kwaɗon, ya yaye tamfol, ya buɗe ƙofar baya. Wani sanyi ya wuce ta gefensa. Rediyo ta zube a jikin uwarta, ta buɗe ido, idanunta ne na gaskiya. Ta motsa baki za ta ce Mama, ba abin da ya fito. Ta sake gwadawa, ta kama wuyanta, sai hawaye.

Da asuba ya fita shi kaɗai, batir a cike. Malam ya ce masa kada ya kunna komai, kada ya yi musu magana sai sun isa. Yana tayar da motar allon ya nuna kujeru biyu a baya da mutane a kai. Ya fita ya zagaya ya ɗaura musu bel, kamar yadda zai yi wa baƙi.

Bai taɓa sanin shirun motar nan yana da nauyi ba sai ranar. Da can shi yake yi wa mutane alfahari da shi. Yanzu ba abin da yake ji sai shafar taya a kan kwalta, da wani ɗan numfashi a bayansa, gajere, mai sauri, irin na yaro marar lafiya. Ya tuna tsohuwar motarsa mai tari da hayaƙi, wadda Rediyo ke jiyowa tun daga bakin layi ta rugo ta buɗe masa ƙofa da labari a bakinta. Tun da ya sayi wannan ba ta ƙara tarbarsa ba, sai dai ta gan shi a falo, kuma bai taɓa lura ba.

Cajin yana zuba fiye da lissafinsa, kamar motar na jan kaya. A tashar farko ya tarar da layi, na'ura ɗaya ce ke aiki. Ya roƙi na gabansa, ya ce 'yarsa ce ba lafiya, wani ya ba shi wuri, wani ya ƙi. Bai jira ta cika ba ya zare wayar caji ya tafi. Ya kashe na'urar sanyi, ya rage gudu don cajin ya kai, alhali rana tana gangarowa ta gabansa. In ya taka, batir zai mutu a daji. In ya lallaɓa, rana za ta riga shi. Haka ya yi ta auna ƙafarsa, gumi na bin bayansa, yana addu'a a zuci.

Saura kashi biyu cikin ɗari ya hango bishiyar, rana ta zauna a kan katangar kamar garwashi. Mai shayi ya riga ya tashi. Injiniya ya tsaya, ya fita, ya buɗe ƙofar baya, ya kwance bel ɗin biyu, ya ja gefe. Ya ce, "Mun iso. Ku yafe mini."

A kan allon fitilar kujera ɗaya ta mutu. Ɗayar ta daɗe a kunne, sannan ita ma ta mutu. Can daga bayan katangar ya ji muryar mace tana faɗa, faɗan da kowace uwa ke yi wa ɗan da ya ɓata aka gan shi, tana yi tana haki, har faɗan ya karye ya koma kuka.

Rana ta faɗi. Ya tsaya da waya a hannu, ya kasa kira. Ita ce ta yi ƙara da kanta.

"Baba," in ji wata ƙaramar murya, a shaƙe. "Baba, kana ina? Mama ta ƙone shinkafa, kuma Malam ya manta carbinsa, kuma yatsuna suna ciwo, kuma..."

Ya jona motar a caji, ya zauna a kan bencin mai shayi ya bar ta tana zuba, bai katse ta ba, hawaye na bin gemunsa. Sai da cajin ya cika sannan ya miƙe. Ya buɗe ƙofofin duka huɗu, ya yi sallama da ƙarfi cikin duhun da ke sauka, ya ce zai tashi, duk mai ɗa a ciki ya ɗauki ɗansa. Ya danna hon sau uku, ya jira. Sannan ya rufe ya kama hanyar gida.