Katin Da Bai Iso Ba

Karo na bakwai ke nan Tela tana tsayuwa gaban tagar rajista ta asibitin, 'yarta a saɓe a kafaɗa tana nishi, kuma karo na bakwai ke nan matar da ke bayan gilashi tana miƙo hannu don abu guda: katin inshorar lafiya. Yarinyar shekararta shida, da ciwon sikila aka haife ta. In ciwon ya tashi sai a karɓe ta a sashen gaggawa, a yi mata allura, a sa mata ruwa, a sallame su. Amma ganin babban likita da maganin da za ta riƙa sha kullum, wannan sai da kati. Tela ta fito ta zauna a kan bencin bakin ƙofa, ta rungume 'yar, hawaye na zuba. "Yi haƙuri, Mamana," ta ce, don sunan mahaifiyarta yarinyar ta ci. "Allah yana sane da mu..."

Wata goma da suka wuce ta sauka a ƙasar nan da murnarta. Mijinta ya yi shekara huɗu yana haɗa musu takardu, ba don komai ba sai don a samu a kula da ciwon yarinyar. Sati uku da zuwansu ya faɗo daga saman ginin da yake aiki, ko shurawa bai yi ba. Wansa, wanda kowa ke kira Yaya, direban babbar mota ne da ba ya kwana uku a gida, shi ya kwaso su ya ba su ƙaramin ɗakin da ke kusa da kicin. Tela ta samu aikin rage tsawon wando da sa zif a wani shagon wanki da guga, daga nan ma sunan ya bi ta.

Matar Yaya, facalarta, wadda ake kira Anti, mace ce mai bakin zuma. Ita ta iya yaren ƙasar, don haka ita ta cike wa Tela takardar neman inshora, ta nuna mata inda za ta sa hannu. An ce kati zai zo ta gidan waya cikin sati huɗu, kuma sunan yarinya yana ƙarƙashin lambar uwarta. To, akwatin wasiƙun gidan yana can ƙasan bene, makullinsa kuwa yana cikin jakar Anti, jakar da ko banɗaki ba ta shiga ba tare da ita ba.

"Anti, katin nan fa?"

"Ke dai kin cika gajen haƙuri, ƙanwata. Mutanen nan ai aikin hawainiya gare su. Ni nawa sai da ya yi shekara."

Tela ba ta yi boko mai zurfi ba, amma ba a nan hankali yake ba. Ta lura cewa tun da ƙanwar Anti ta zo ziyarar da ta ƙi ƙarewa, aka ajiye ta a ɗakin baya, kowace Talata ta biyu sai su biyun su yi wanka su fita, su dawo da 'yar farar leda da ba a buɗewa a falo. Ta lura cewa sau biyu Anti tana tambayarta ranar haihuwarta, wai don ta yi mata kyauta, kyautar da har yau ba ta ga ƙeyarta ba. Wata rana tana wanke-wanke ta ji ƙanwar a ɗaki tana maimaita wannan rana da wata da shekara kamar mai hadda. Zargi ya ɗarsu a ranta. Sai kuma ta yi istigfari, ta ce zato zunubi ne, mutanen da suka ba ka wurin kwana ba a bin diddiginsu. Haka ta haɗiye, zargin yana cinta a ciki, yarinya tana ta ramewa.

Ranar wata Litinin Yaya ya dawo daga tafiya da hantsi, Anti tana kasuwa. Ashe yana da nasa makullin a jikin na mota, wanda bai taɓa damuwa da shi ba. Ya buɗe akwatin, ya hau bene da ambulan a hannu. Tela ta dawo cin abincin rana ta same shi a tsaye tsakiyar falo, idanunsa jawur, Anti ma ta dawo daga kasuwar, tana gefe ta dafe ƙirji.

"Sunan wa ke jikin takardar nan?" ya ce.

"Nawa ne, Yaya. Katin ne ya zo?"

"Kati? Asibiti ne ke tuna miki gobe Talata kina da awon ciki. Ciki wata huɗu. Ƙanena wata tara a ƙasa, ke kuma ciki wata huɗu, a gidana."

Tela ta matso za ta yi magana. Kafin ta buɗe baki Anti ta riga ta. "Ni dama na yi shiru ne don kada a ce facala ce. Wannan makara da take yi a shago, da waɗannan zumbula-zumbulan riguna... Ai biri ya yi kama da mutum."

"Wallahi Yaya ban san komai ba. Ban taɓa ganin katin da idona ba."

"Ki haɗa kayanki," ya ce. "Gida za ki koma. 'Yar ƙanena kuwa tana nan, ba za ta tashi a hannunki ba."

Nan ne kukan ya ƙwace mata, don duk abin da aka faɗa a baya bai taɓa ta kamar wannan ba. Ta durƙusa ta kama ƙafarsa. "Ka yi mini abu ɗaya don darajar mamacin. Takardar ta ce gobe. Ka kai ni goben, a auna ni a gabanka."

"Tonon asirin me za a je yi a gaban baƙi?" Anti ta yi caraf. "Kuma ko an auna ba a ga komai ba, wa ya san ko ta riga ta zubar?"

Yaya ya juya ya dubi matarsa, kallon da ya ɗan daɗe. "Ke ma za ki je," ya ce. "Ke ce shaida."

Washegari Anti ta tashi da ciwon kai, ta tashi da mura, har da takunkumi ta rufe rabin fuska, amma Yaya bai saurara mata ba. Tela kuwa ta kwance ɗinkin da ke cikin murfin akwatinta, ta zaro wata tsohuwar takarda da ta yi laushi saboda ninki. Shekara shida tana ɓoyon ta. Ita da mijinta kaɗai suka san abin da ke ciki, shi ya ce kada ta gaya wa danginsa, kada a dame ta da gori.

A ɗakin awo likita ta kira tafinta ta waya, ta karɓi tsohuwar takardar daga hannun Tela, ta sa aka karanta mata. Ta kwantar da Tela, ta ga tabon aiki a mararta, ta ɗora na'ura ta duba. Sannan ta kira Yaya ciki.

"Wannan baiwar Allah ba ta da ciki, ba ta kuma zubar da ciki ba," tafinta ya fassara. "An cire mata mahaifa tun ranar da ta haihu, saboda jini ya ƙi tsayawa."

Tela ta juya fuskarta ga bango tana kuka mara sauti. Sirrin da ta fi jin ciwonsa a duniya, yau da hannunta ta miƙa shi don a bar mata 'yarta.

Ana cikin haka nas ɗin da ke kula da masu awo ta shigo da fayil. Ta dubi Tela, ta dubi sunan, ta girgiza kai. Sai idonta ya sauka kan Anti da ke rakuɓe a bakin ƙofa, ta yi murmushi, ta gaishe ta gaisuwar sabo, ta yi mata tambaya. Wannan karon Yaya bai jira tafinta ba, don shi ma yana jin yaren: tambaya take ina ƙanwar tata mai cikin, kumburin ƙafar ya sauka?

"Ba ni jakar," ya ce wa Anti a hankali.

A can cikin aljihun zif, naɗe da takardar magani, katin yake. Ranar da aka buga a jikinsa ta nuna wata takwas ke nan da isowarsa. Ƙanwar Anti ba ta da takardun zama, katin kuma ba hoto, shi ne suka mai da shi nasu. Wata takwas marainiya tana murƙususu a ɗakin kusa da kicin, maganinta yana cikin jakar da ke rataye a kafaɗar Anti.

Yaya ya zauna a ƙasa kamar ƙaramin yaro, ya rufe fuska. "Ki yafe mini, ƙanwata. Da me zan kalli ɗan'uwana ranar gobe?"

"Na yafe, Yaya," ta ce. Ta share hawaye ta juya wajen wayar da tafinta yake magana. "Don Allah a gaya musu kada a hana mai cikin awo. Abin da ke cikinta bai yi wa kowa laifi ba." Ma'aikaciyar walwala da aka kira ta amsa cewa ai suna da sashe na musamman da ke duba mai ciki ko ba ta da takarda, da sun tambaya da tuni an nuna musu ƙofar. Anti ta ji wannan, ta sulale jikin bango. Ofishin inshora ya buɗe mata bincike, wurin aikinta suka dakatar da ita, Yaya kuma ya ce ta koma wurin danginta da ke wani gari har sai ya neme ta. Bai neme ta ba.

A satin nan babban likita ya ga yarinyar, aka ɗora ta kan magani. Bayan wata uku ta yi kumatu, har tana tsere a kan bene ana hana ta. Tela ta kama ɗan ɗakinta a saman shagon da take aiki, aka liƙa sunanta a jikin akwatin wasiƙa. Makullin ta zura a zare ta rataya a wuya, kuma kowace safiya, ko da wasiƙa ko babu, sai ta ɗaga Mamana sama ta miƙa mata makullin ta buɗe.