Zaren Da Ke Wuyan Kwalba

Sau uku ke nan Amarya tana ɗauraye faranti ɗaya, ba don yana da datti ba, sai don ta ƙi fita falo. Shekararta biyu da aure, amma a gidan surukanta har yau Amarya ake ce mata, kuma har yau in Yaya Babba, yayar mijinta, ta kira ta, sai ta rasa inda za ta sa kanta.

"Amarya! Bar wanke-wanken nan ki zo!"

Ta goge hannu ta fito. Mama, uwar mijinta, na zaune ido jajir. Auta, mijin nata, ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin mota. Nan take ta gane ya faɗa musu. Auta mutumin kirki ne, amma in ya ga uwarsa bakinsa ba ya riƙe komai.

Abin da ya faru shi ne, kwalejin da Amarya ke koyarwa ta tura ta kwas, ta dawo aka ɗora mata bitar malamai. Tsarin mai sauƙi ne: a ɗauki malami a bidiyo yana koyarwa, ya zauna da ita su biyu su kalla, sannan ta rubuta wa shugaban kwaleji rahoto. To, a jerin sunayen har da Baba Malam, surukinta, wanda ya shekara talatin yana koyar da kemistiri a can. Mutumin da saboda kunya ba ta taɓa kallon tsabar idonsa ba, sai ga shi a kwamfutarta, fuskarsa ta cika allo.

Nan ta ga abin da ya hana ta sakat. Wata ɗaliba ta ɗaga hannu har ya gaji ta sauke, Baba Malam na fuskantarta bai kira ta ba. A allo kuma ya yi rubutu a kan rubutun da bai goge ba. Da ya zo haɗa sinadarai kuwa, sai ya ɗauki kwalba yana shafa wuyanta da yatsa, ya ajiye, ya ɗauki wata ya shafa. Ya buɗe ɗaya, ya kusa tsiyaya ta cikin abin da ke kan wuta, ɗalibai sun kewaye teburin, sai ya fasa, ya yi musu barkwanci suka yi dariya. Kwalbar asid ce mai ƙarfi.

"Idonsa ne ba ya gani sosai, ni nake ɗaura masa zare a wuyan kwalaben don ya bambance su," in ji Mama. "Duk hutu nake bin sa ɗakin gwajin. Ƙulli ɗaya kaza, ƙulli biyu kaza. Shekara uku ke nan, ba wanda ya sani. Saboda bidiyon nan naki aka yi shara, aka yanke zarurrukan, wai datti ne!"

Yaya Babba ta miƙe tsaye. "Ke ba dogon zance! Ki goge shi. Ki ce kwamfutar ce ta ci."

"Yaya, da ya zuba fa? Yaran mutane ne a gabansa..."

"Au, yaran mutane! Mu kuma uban wa za a kora da abin kunya? Daga ba ki ɗan muƙami sai ki fara da tuɓe wa surukinki hula? Wallahi in takardar nan ta kai ofishin shugaba, ki haɗa kayanki. Auta, ko ƙarya na yi?"

Auta ya ci gaba da wasa da makullinsa. Wannan ya fi zagin Yaya Babba yi wa Amarya ciwo.

A mota ya yi magana, idonsa a kan titi. "Don Allah ki goge. Filis. Ni zan lallaɓa shi ya daina shiga ɗakin gwajin."

"Ka kalli bidiyon?"

"Ba na so in gani."

"To ka ji. Kowa a gidanku ba ya so ya gani, shi kuma ba ya iya gani. Mako mai zuwa yana da wani ajin gwajin, Auta. Ina son ka, Allah ya sani, tsoron rabuwa da kai kamar ya kashe ni. Amma in yarinya ta ƙone a fuska, da wane ido zan dube ka?"

Kwana biyu gidansu ba gaisuwa sai ta dole. Duk lokacin da wayarsa ta yi ƙara, ta san Yaya Babba ce. Sau biyu tana kai yatsa kan maɓallin gogewa tana janyewa. Ta fara duban labulen da ta zaɓa da kanta, tana tunanin ko wace jaka zai shiga.

Ranar da za ta zauna da Baba Malam, ta fito daga wanka da safe ta tarar da Auta a gaban kwamfutarta. Ya tsayar da bidiyon daidai inda hannun mahaifinsa ke lalube. Hawaye na bin gemunsa.

"Hannun nan ne ya koya mini rubutu," ya ce. "Sa takalminki, ni zan kai ki. Ina bakin ƙofa har ki fito. In an kore ki, tare za a kore mu."

Ɗakin bitar ƙarami ne, tebur ɗaya, kujeru biyu, fanka na ƙara a sama. Baba Malam ya shigo da takunsa na ƙasaita. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Tashi, 'yata. Yau ai ke ce malama. Kunna mu gani."

Ta kunna. Ya tsura wa allon ido yana gyaɗa kai, sai dai inda yake kallo ya ɗan kauce gefe. Muryarsa ta cika ɗakin, darasi tsaf kamar ruwa. Da aka zo inda muryar ta ɗauke, ƙarar kwalabe kawai ke tashi, sai ya daina gyaɗa kan.

"Tsayar." Ta tsayar. "Faɗa mini abin da kike gani."

Tana iya cewa ba komai, ta koma gidanta lafiya.

"Baba... kana neman zare ne, babu. Wadda ka buɗe asid ce. Ɗalibai bakwai ne a jikin teburin, ɗaya ta leƙo da fuskarta."

"Ta leƙo?"

"Kamar taki ɗaya tsakaninta da wutar."

"Innalillahi!" Ya dafe tebur. Ta rufe ido tana jiran tsawa, tana jiran ya ce ta fita daga zuriyarsa.

"Mahaifina da makanta ya rasu," ya ce a hankali. "Na ƙi zuwa asibiti don kada likita ya faɗa mini abin da nake tsoro. Shekara uku mutanen gidana suna rufa mini asiri, ban sani ba ashe rami muke haƙa wa 'ya'yan wasu. Kada ki kai rahoton nan ke kaɗai. Kama hannuna, da bakina zan faɗa wa shugaba."

Auta na ganin sun fito, matarsa riƙe da hannun mahaifinsa, ya matso ya kama ɗayan.

Ba a kori Baba Malam ba. An ɗauke masa ɗakin gwaji, aka ba shi hutun jinya. Likita ya duba ya ce yanar ido ce ta rufe masa gani, kuma ana cire ta, sai dai na hagu an makara, ba zai dawo sosai ba. Yaya Babba ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwar Amarya. Amarya ba ta fasa gaishe ta ba.

Ranar da aka kwance bandejin, duk suna tsaye a ɗakin asibitin. Baba Malam ya ƙifta ido, ya dubi Mama, ya dubi Yaya Babba da Auta, sannan ya tsaya a kan wadda ta rakuɓe bayan ƙofa.

"Wace ce waccan?"

"Amarya ce, Baba," in ji Yaya Babba, murya ƙasa-ƙasa.

"Matso, 'yata. Ɗago kanki." Ta ɗago da ƙyar. Ya daɗe yana kallonta. "Shekara biyu kina surukata, muryarki kawai na sani. Auta, ashe ka iya zaɓe!"

Mama ta yi dariya tana share hawaye. Yaya Babba ta jawo kujera ta ce, "Zauna mana, kin tsaya kamar baƙuwa."

Baba Malam ya juya ga 'ya'yansa. "Ku riƙe wannan. Ku da kuka ɓoye mini, kuna so na. Ita ma da ta faɗa mini, tana so na, kuma ta fi ku jin tsoro, amma ta faɗa. Wanda ya gaya maka gaskiya yana jin tsoro, ya haƙura da fushinka, kada ka sake shi. Da ta bi taku, da har yau ina laluben zare."