Gwangwanin Awon Kaka Delu

A garin Cadakori akwai wata yarinya 'yar lakol, wato makarantar boko. Tana da kai sosai, kuma ta san tana da shi. Nan matsalarta take.

Tana zaune da kakarta, Kaka Delu, mai sayar da aya a kasuwa. Kaka Delu tana da gwangwanin awo guda ɗaya. Tsoho ne, mai kauri, ya ɗan lotsa kusa da baki. Shekara ashirin tana awo da shi. Matan kasuwa sun san shi kamar yadda suka san fuskarta.

Wata rana malaminsu, Mushe Ridwanu, ya yi wani zane a allo.

"Wannan inji ne mai aiki da iska mai zafi," in ji shi. "Ana kunna kyandir a ƙarƙashin gwangwani. Iskar ciki ta yi zafi, ta kumbura, ta tura robar da aka rufe bakin da ita. In ta huce, robar ta koma ƙasa. Hawa da saukar nan ke juya ƙafar injin, kamar ta keke. Wanda injinsa ya fi juyawa, shi zai tafi gasa a Gidan Rumji."

Yarinyar ta kwafe zanen a littafinta. Ta nemo waya, da balan-balan, da soson ƙarfe, da tsohon faifai don yin ƙafar. Saura gwangwani. Na farko ya lanƙwashe da ya ji wuta. Na biyu yana fitar da iska. Sati biyu tana fama, ƙafar ko motsi ba ta yi ba.

Ran nan da rana, Kaka Delu ta tafi barkar haihuwa. Yarinyar ta hango gwangwanin awo a kan buhun aya. Ta ɗauka, ta juya shi. Ga kauri, ga tsayi daidai.

"Gwangwani ai gwangwani ne," ta ce a ranta.

Ta ajiye wani sabo na tumatir mai girmansa a kan buhun. Ta sa ƙusa ta huda tsohon a gefe. Ta yi kwana huɗu tana ɗauri da liƙi a bayan rumbu. Da ta kunna kyandir, ƙafar ta yi rawa, ta yi rawa, sai ga ta tana juyawa.

Ranar kasuwa da safe Kaka Delu ta birkice ɗaki kaf.

"Ke 'yar nan, ba ki ga gwangwanina ba?"

"Ban gani ba, Kaka. Ga wani nan, ai duk ɗaya ne."

"Ba ɗaya ba ne, ɗiyata," in ji tsohuwar. Amma rana ta yi, dole ta ɗauki sabon ta tafi.

A lakol kuwa, injin ya juya har 'yan aji suka hau tafi. Mushe Ridwanu ya ce ita za ta tafi Gidan Rumji nan da kwana takwas. Yarinyar ta dawo gida tana tafiya kamar ba ta taka ƙasa.

Ta tarar da Kaka Delu zaune a ƙofar ɗaki. Ƙwaryar aya tana gabanta, cike, yadda ta tafi da ita.

"Kaka, mi ya faru?"

"Rakiya mai ƙosai ce ta fara," in ji tsohuwar a hankali. "Ta ce, 'Delu, ina gwangwanin da munka sani?' Na ce ya ɓace. Wata ta yi dariya, ta ce ba ɓacewa ya yi ba, na dai rage awo ne. Kafin azahar magana ta zaga rumfuna. Ni Delu, da furfurata, yau anka kira ni mai tauye mudu."

Hawaye ya gangaro mata. Ba ta ko share ba.

Yarinyar ta kasa cin tuwo. Baƙin ciki ya cika ta, ga kunya, ga tsoro. Kwana shida ta yi tana kallon kakarta ba ta fita ko maƙwabta. Duk da haka ta yi gum da bakinta, don tana son Gidan Rumji.

A rana ta shida ta kasa daurewa. Ta tsaya bayan an tashi, ta gaya wa malaminta komai.

Mushe Ridwanu ya saurare ta har ta gama.

"Gobe kasuwa, jibi gasa," ya ce. "In kika cire gwangwanin, liƙin zai ɓalle, robar ta yage. Ba ya haɗuwa a kwana ɗaya. Ba zan zaɓar miki ba."

Ta ɗauki injinta ta tafi gida. Ta durƙusa gaban kakarta, ta ajiye shi.

Kaka Delu ta kalli gindin da ya yi baƙi da hayaƙi. Ta shafa wurin lotsawar da yatsa.

"Ke ce?"

"Ni ce, Kaka. Ki yafe mini."

"Na tambaye ki, kinka dube ni ido cikin ido." Iyakar abin da ta ce ke nan. Da ma duka ta yi mata, da ya fi sauƙi.

Washegari suka tafi kasuwa tare. Yarinyar ta tsaya gaban rumfar Rakiya mai ƙosai.

"Inna Rakiya, ku zo ku gani. Kaka ba ta rage awo ba. Ni na sace gwangwanin."

Mata suka taru. A gabansu ta kwance wayar, ta yage robar, ta zaro soson ƙarfen. Aikin sati uku ya zube a ƙasa.

"Shi ne wallahi," in ji Rakiya. "Ga lotsawar nan."

Rakiya ta cika tsohon da aya da hannunta, ta juye cikin sabon. Ya cika daidai, ko ƙwara ɗaya ba ta ragu ba.

"Delu, mun ɗauki alhakinki," in ji Rakiya. "Ki gafarce mu. Auna mini biyar, da sabon."

Kafin la'asar ƙwaryar ta ƙare. Gasa kuwa ta wuce yarinyar, wani za a tura a madadinta. Ta yi kuka a hanyar gida, kuma ba ta ɓoye ba.

Da suka isa, Kaka Delu ta miƙa mata tsohon gwangwanin.

"Ungo. Yanzu sun san sabon. Da kin tambaye ni tun farko, haka za mu yi: mu auna su biyu gaban mutane, in ba ki wanga. Da yanzu kina shirin tahiya."

Yarinyar ta riƙe shi da hannu biyu.

"Kaka, kin ba ni?"

"Na ba ki. Je ki gyara abin naki, ni ma in ga yadda yake juyawa."

Bayan sati guda injin ya sake juyawa a tsakar gida, Kaka Delu tana dariya har da tafi. Tun daga ranar yarinyar ta koyi darasi: kada ka ɗauki abin wani ba da izininsa ba, ko da kana ganin ƙarami ne. In kuma ka yi kuskure, faɗi gaskiya da wuri, kafin wani ya sha wahala a kanka.